Sanda Gyartai da Mashin ɗin Surukinsa

A Dayi, duk abin da ya fara yoyo gidan Malam Sanda ake kai shi. Mahaifinsa gyartai ne, mai ɗinkin ƙwarya, kuma a gabansa Sanda ya koyi cewa ba a yar da abu don ya tsage. Da ƙwarya ta ja baya sai ya koma liƙin tukwanen ƙarfe. Da roba ta shigo ya sa wuƙa a wuta ya bi ta: bokiti, baho, buta, jarka, har tankin feshin manoma. Sunan gyartai dai bai sake shi ba. Yanzu ya haura sittin, yana da gonar masara a bayan gari, da matarsa Hansai, da ra'ayi guda wanda bai taɓa sauyawa ba, wato duk hudar da ba Allah ya yi ta ba kuskure ce, a toshe ta.

Autarsa Shafa'atu tana aure a Malumfashi. Mijinta Abdulmutallib malamin gona ne, kuma wurin aikinsa sun ba shi wani dogon mashin na shiga daji, mai tayoyi kamar na tarakta, wanda ke da lagireto yana shan ruwa kamar mota. Da aka tura shi kwas Zariya a tsakiyar damina, ya rasa inda zai ajiye shi, don gidan hayarsu ba zaure. Sai ya kawo shi Dayi.

Tun da aka ɗaura auren nan, maganar da ta taɓa shiga tsakanin Sanda da surukinsa ba ta wuce gaisuwa ba. Yaron zai durƙusa ya sunkuyar da kai, Sanda ya juya yana amsa wa bango. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce mijin yarinyar nan. In akwai saƙo, Abdulmutallib ya faɗa wa Shafa'atu, ita ta faɗa wa Hansai, Hansai ta kai wa Malam. Ta wannan hanya aka roƙi Sanda ya riƙa tada mashin ɗin jefi-jefi don kada batir ya mutu.

Sanda ya yi nazari ya ga tada mashin yana tsaye almubazzaranci ne da fetur. Saboda haka ya riƙa tada shi zuwa gona. Ƙafarsa ba ta kai ƙasa, don haka ba ya tsayawa sai inda akwai kunyar gona ko dutse, wanda ya gaishe shi a fili kuwa sai dai ya yi haƙuri.

Wata safiya ya tarar da ɗigon ruwa kore-kore a daɓen zaure. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin injin, ya ga wata 'yar huda a jikin murfi, ruwan na tsattsafowa ta nan. Hudar ta fita tsaf kamar da gangan aka yi ta, abin da ya ƙara tabbatar masa cewa su ma masu ƙera mashin suna da sakaci. Ya kwaɓa gam da toka ya cusa, ya goge bakin har ba a gane wurin. Ɗigo ya tsaya. Ranar sai da ya zagaya ta tasha kafin ya wuce gona.

Bayan 'yan kwanaki ya duba ɗan gilashin da ake ganin baƙin mai ta ciki. Man ya koma fari, da kauri, kamar kunun gyaɗa. Ya samu 'yan acaɓa a tasha ya tambaye su, a matsayin labarin wani mutum da ya sani a Tsiga, me ke sa baƙin mai ya yi fari. Suka haɗa baki suka ce injin mutumin Tsiga ya sha ruwa, ya tashi aiki, Allah ya mayar masa da alheri. Ya dawo gida bai zauna ba Hansai ta tare shi da albishir: kwas ya ƙare, mijin yarinya zai zo ɗaukar mashin ɗinsa ranar Juma'a.

Amana ce aka ba shi, kuma ta suruki. Da mashin ɗin ƙaninsa ne da sai su yi cacar baki su shirya. Wannan kuwa yaron ba zai ce komai ba. Zai durƙusa ya ce ba komai, Baba, ya je ya amsa tambayoyi a wurin aikinsa shi kaɗai, sannan ya ci gaba da zuwa gaisuwa duk sallah har ƙarshen rayuwa. Sanda ya ture kwanon tuwo.

"Malam, jikin ne?" in ji Hansai.

"Mashin ɗin ne."

"To ka liƙe mana."

"Na liƙe," ya ce.

Masu gyaran mashin na Dayi ba su taɓa buɗe mai lagireto ba, kuma bakinsu ba ya riƙe magana. Wanda ya rage shi ne Mudi, mai gyaran injin ban-ruwa a bakin fadama, wanda kuma taubashin Sanda ne. Sanda ya gwammace dariyar mutum ɗaya da ta gari. Ya ari amalanke, aka kwantar da mashin aka lulluɓe shi da ciyawa. Duk wanda suka wuce a hanya sai ya yi masa sannu ya tambaye shi me ya samu mashin ɗin.

Mudi ya leƙa gilashin, ya shafa ƙarƙashin murfin da yatsa, ya daɗe yana lalube.

"Bawana, akwai wata huda a nan. Ina ka kai ta?"

"Wa ye bawanka? Yoyo take, na gyara."

Mudi ya zauna a ƙasa don ya ji daɗin yin dariya. Da ya gama ya yi bayani. A bayan murfin akwai ɗan famfo mai zagaya da ruwa, da robobi biyu da ake kira sil, ɗaya na tare ruwa, ɗaya na tare mai. Hudar tana tsakaninsu. In sil ɗin ruwa ya gaji, ruwan ya fita ta nan ya ɗiga ƙasa, mai mashin ya gani ya sauya.

"Kai kuma ka rufe masa ƙofa. Ina kake so ya bi? Ya shiga wurin mai ya zauna."

"Injin ya mutu ke nan?"

"Ina ka je da shi tun da ka yi wannan ta'asa?"

"Gona kawai. Da tasha."

"Allah ya so ka gonarka ba nisa. Da kai mai arziki ne da yanzu an gama."

Suka zubar da ruwan da farin man. Mudi ya kwance murfin, ya cire 'yar farfelar famfon, ya zaƙulo sil biyun. Na ruwan ya cinye ya yi tauri. Ya murza sandar farfelar a yatsunsa, ya ce ba ta zaizaye ba, alhamdu lillahi. Sabon sil sai Funtua, kuma Sanda da kansa ya shiga mota da tsofaffin a aljihu, ya bi shagunan kayan gyara ɗaya bayan ɗaya. A kowane shago sai ya sake ba da labarin mutumin Tsiga, har ya samu wanda ya yi daidai.

Buɗe hudar aka bar wa Sanda, don Mudi ya ce wanda ya toshe shi zai tone. Ya zauna da basilla yana ƙwaƙula tun hantsi har rana ta take. Gam ɗin ya kama kamar dutse.

"Ka dai ga aiki," ya ce yana share gumi.

"Na gani. Da ba ka iya ba da ya faɗo da kansa, da duk ba mu zo nan ba."

Mudi ya shafa wa sabbin robobin mai, ya zaunar da kowace a mazauninta a hankali, ya mayar da farfela da murfi. Aka zuba sabon baƙin mai, aka tada inji ya ɗumama, aka zubar, aka sake zubawa, har man ya daina sauya launi. Suka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi suka bar shi yana aiki. Sanda ya tsuguna yana kallon kwalin kamar mai jiran sakamakon asibiti. Bai jiƙe ba. Sanda ya miƙe ya ce yunwa yake ji, ya cinye rogon da Mudi ya ajiye wa kansa.

Sanda ba mai ɓoye laifi ba ne. Daren Juma'a bai yi ba sai da ya zaunar da Hansai ya ba ta saƙo dalla-dalla: ya hau mashin ba da izini ba, ya toshe abin da bai kamata ba, ruwa ya shiga mai, an gyara, a yafe masa. Hansai ta kira Shafa'atu a waya ta ce babanta ya ga mashin na yoyo, ya sha wahala a kansa har Funtua. Shafa'atu ta ce wa mijinta Baba ya gyara masa mashin.

Abdulmutallib ya iso bayan an sauko daga masallaci. Ya durƙusa a bakin zaure ya daɗe yana gaisuwa, kansa ya fi na kullum sunkuyawa. Daga nan ya shige wurin Hansai. Jim kaɗan ta fito da amsa: yaron ya ce tun kafin tafiyarsa mashin ɗin ke ɗiga, ya yi ta cewa zai kai gyara bai samu zama ba, kunya ta hana shi faɗa, ga shi ya bar wa Baba ɗawainiya. Yana roƙo a yafe masa.

"Kin faɗa masa duk abin da na ce?"

"Na faɗi na faɗa, Malam."

Sanda ya juya ya fuskanci bango.

"Ki ce masa na yafe," ya ce. "Allah ya yi masa albarka."