Motar da ba a yi wa guɗa

Ana sallame sallar asuba muka bar Madawa, mu uku a tsohuwar motar Konseye, wato kansilan yankin nan: shi da direbansa da ni. Masu bin rubuce-rubucena sun san ba ni da haɗi da siyasa, amma mutumin nan taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Ciwon sukari ya ci masa ido, ɗansa da ke Yamai ya matsa sai ya koma can, shi kuma ya ce ba zai tafi ba sai ya zagaya ƙauyukan da suka daɗe suna zaɓensa ya yi musu ban kwana. Na ce da ni za a je. Na kuma gaya masa kada ya ɗauka don shi ne, naman zabi nake bi.

A bakin gari muka sayi kilishi, wanda ake ba ka na jika ɗaya yanzu ko tafin hannu bai rufe ba. Buhunan albasa ne jibge gefen hanya suna jiran manyan motoci, masu su na zaune a kai sun zuba tagumi saboda kasuwa ta faɗi. Bazara ta kankama, tun hantsi kujerar mota ta fara ƙona baya. Kafin mu kai Buza ramuka sun girgiza mana hanji, daga nan muka saki babbar hanya muka gangara wajen Tama, inda lambuna ke kore shar a cikin kwari, duwatsu kuma jajaye ƙirin a sama.

Ni a zatona makaɗa za mu tarar, da mata masu guɗa. Da muka doshi ƙauyen farko sai na ga matan da ke bakin rijiya sun saki guga sun tsaya cak. Wata ta ɗora hannu a ka ta ruga cikin gari. Yara ma ba su bi motar ba. Konseye ya leƙo ta taga ya ɗaga murya: "Lahiya lau, jama'a! Ba mutuwa na kawo ba, ban kwana na zaka!" Sai da ya maimaita kafin aka fara motsi.

A nan direba ya fayyace mini abin da na daɗe ina ji sama-sama. Mazan ƙauyukan nan da an gama girbi sai cin rani, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu Abijan, wasu wurin haƙar zinariya. Idan ɗaya ya rasu a can, ƴan'uwansa ba sa kiran gida, don ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta ta waya. Konseye suke kira. Shi kuma yana da ƙa'ida, ba ya motsawa sai ya yi magana da wanda ya wanke gawar ko wanda ya tsaya a bakin kabarin. In ya tabbatar sai ya shigo mota, ya ɗauki liman da maigari, su je ƙofar gidan tare. Babu dokar da ta ɗora masa wannan aiki, ya fara ne kawai ya kasa dainawa. Shi ya sa duk yankin an san ƙarar motar nan, kuma ba mai murnar jinta.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar maigari, galibi tsofaffi ne da mata. Konseye ya ba su labarai: an samu mai gyaran famfo, za a turo ungozoma gidan likita, za a yi wa dabbobi allura kafin damina, irin gero kuma yana meri, ofishin magajin gari, ga mai so. Ya ce wani matashi ne zai tsaya a madadinsa, su riƙe shi da amana. Ya roƙi gafara, suka ce sun yafe. Na lura mata ba sa sauraren zancen famfo, bakinsa kawai suke kallo, kamar har yanzu akwai sunan da ya rage bai faɗa ba.

Haka aka yi ta yi ƙauye bayan ƙauye har muka kai Tabotaki, inda muka kwana. An kawo mana fura mai kauri da kwaɗon zogale, zabo kuwa ko gashinsa ban gani ba. Na ce masa, shekara da shekaru kana siyasa, ko zabo guda ba ka tara wa taubashinka ba, lalle an yi asara. Ya yi dariya kaɗan. Sai na tambaye shi ko matashin nan zai karɓi aikin kai labari. Ya ce ya yi masa maganar, yaron ya ce ba buƙata, yanzu kowa na da waya.

Da safe muka nufi wajen Keita. Hanyar duk dutse ce, motar na hawa tana nishi, sau biyu muna sauka mu rage mata nauyi. A wani ƙauye da ke bisa tudu, wanda shi ne zangonmu na ƙarshe, wata tsohuwa na zaune gindin aduwa a bakin gari. Ita ba ta gudu ba. Ta dafa sanda ta miƙe ta tako har tsakiyar hanya. Direba ya ce mini ƙasa-ƙasa ɗanta ne ya tafi Libiya shekaru da yawa, tun wayar da ya ce zai koma wani gari ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Konseye ya yi cigiya har ya gaji, kuma duk zuwansa nan take tare shi.

Ya sauko ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Konseye, an ce mini tahiya za ka yi."

"Gaskiya na, Inna."

"To ka hwaɗa mini ya mutu. Kai ɗai aka yarda da bakinka. In ka hwaɗi, liman shi yi addu'a, ni ko in yi mai sadaka da hannuna tun ina da rai. Ga gero can na aje, har ya hwara ƙwari."

Ya ce, "Inna, ban samu wanda ya wanke shi ba, ban samu wanda ya ga kushewa tai ba. In na hwaɗi, ƙarya na yi. Kuma duk gidan da na taɓa kai ma labari sai su hwara tunanin ko su ma ƙarya na yi musu."

Ni dai raina ya ɓaci. Na matso na taɓa shi, na ce ka faɗa mata mana ta huta, wa zai kama ka? Ko kallona bai yi ba. Tun muna yara nake zolayar mutumin nan, ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba, kuma har yanzu ban iya cewa ni ke da gaskiya ba.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafi ta ce, "To, wanda za shi gade ka, wace irin mota gare shi? In san abin da ni ka jira."

Konseye bai gaya mata abin da yaron ya ce ba. Ya ce, "Babur gare shi, Inna."

"Wane iri?"

"Ja."

Ta gyaɗa kai, ta sa masa albarka, ta koma gindin aduwarta. Muna nan tsaye wani ɗan kabu-kabu ya wuce da buhun gero a baya, babur ɗinsa ja, ta ɗago ta bi shi da ido har ya shige gari. Ba a jima ba wani ya biyo, shi ma ja, ta sake ɗagowa. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san kusan kowane babur ja ne.

A taron ƙauyen Konseye ya manta da zancen famfo da irin gero, sai da direba ya tuna masa. Muka juyo ta Buza, sauran kilishin ma ba a taɓa ba. Mun shigo Madawa ana kiran la'asar, na sauka a ƙofar gidana, ya miƙo mini hannu yana laluben nawa.

Na tafi da niyyar cin zabo da yi wa taubashina dariya, na dawo da abin da ya fi ƙarfin dariya. Da ina auna ɗan siyasa da rijiya da aji da hanyar da ya gina, kuma a wannan ma'auni nawa bai taka kara ya karya ba. Yanzu na gane babban aikinsa shi ne ya tattara fargabar ƙauyuka ya ɗora wa mota guda, duk ranar da ba a ji ƙararta ba uwaye su yi barci. Jibi zai tafi Yamai, motar kuma an ce sayar da ita za a yi. Tsohuwar nan a da sau biyu ko uku take miƙewa a shekara. Daga yanzu da take jiran jan babur, sai yadda ƙafafunta suka iya.