Zakiru da Teburan Waje

Zakiru malalaci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Da ya samu aiki a wani gidan abinci a unguwar Ƙurban, kusa da masallacin Ƙuba, da bakinsa ya roƙi a ba shi teburan waje, don ya san da bazara ko mage ba ta zama a wurin. Da hunturu jama'a kan cika farfajiyar, ya yi ta jigilar shinkafa yana tsaki. Zafi na dawowa sai ya haɗa kujeru ya miƙe a kansu.

Bana maigidansa ya kafa fankoki masu fesa ruwa. Ga bazara, ga mutane har bakin titi. Zakiru ya rame.

Yanzu duk tsohuwar da za ta masallacin Ƙuba sai ya tare ta: "Inna, sa ni a addu'a. Ba mata nake nema ba. Fankokin nan dai, Allah Ya ƙona su."