Makulli Mai Gajiyayyun Haƙora

A-kori-kurar Kawu ta girme ni, kuma makullinta ɗaya ne tak. Da shi yake tayar da ita, da shi yake ɓalle murfin gwangwani, da shi yake kwance ƙullin buhu. Wata safiya a fadamar Katuzu, mun gama loda tattasai da za a kai kasuwar Nguru mai ci washegari, sai makullin ya karye gida biyu a ƙofar direba. Da ƙyar muka zaro guntun da allura.

Kawu ya dubi lodin, ya dubi rana. Tattasai ba ya jira.

"Hau babur ka tafi Gashua," in ji shi. "In ka kawo makullin da ya tashe ta, kai za ka tuƙa ta zuwa Nguru."

Shekara uku da na iya tuƙi, bai taɓa barina na zauna a kujerarsa ba. Ban san lokacin da na ƙulle guntayen a hankici ba.

Mai yankan makulli wani dattijo ne mutumin kudu, wanda ya daɗe a Gashua har yana ciniki da Badanci, yaren mutanen garin. A rumfarsa akwai makullan da ba a yanka ba, jere a jikin waya. Idona ya faɗa kan wani mai baƙin kan roba da madannai biyu.

"Oga, wannan nake so."

"Wace mota ce?"

Na faɗa masa tsohuwar a-kori-kurar kawuna ce. Ya yi dariya har da dafa teburi.

"Malam, in ka danna, wa zai amsa maka? Motar da gilashinta ma da hannu ake murɗawa!"

Ya ajiye min biyu, na ƙarfe da na tagulla. Ya ce na ƙarfe ya fi ƙarko, amma zai riƙa cin cikin tsohon ramin makullin. Tagulla kuwa ita ke cinyewa, ramin ya tsira. Na ɗauki tagulla. Sai ya haɗa guntayen a injinsa, ya fara bin haƙoran yadda suke, a suɗe, kamar bakin tsohuwar akuya.

"A'a, Oga! Ai sabo na zo saya. Fito min da haƙora masu kaifi."

"Makullin nan da raminsa tare suka tsufa," ya ce.

Na kafe. Bai yi musu ba. Ya yanka min mai kaifin, yana walƙiya, sannan ya yanka na biyu irin na tsohon, ya bi shi da magagari har ya zama kamar an shekara ashirin ana murza shi. Ya jefa min a aljihu.

"Wannan na kawunka ne. Ka gaishe shi."

Kafin la'asar ina Katuzu. Masu lodi suka kewaye motar. Na shiga, na gyara zama, na zura mai kaifin. Ya shiga rabi ya cije. Na murɗa dama, na murɗa hagu, ko motsi.

"Kar ka karya min wannan ma a ciki," Kawu ya ce ta taga.

Na laluba aljihu, na fito da mummunan. Ya shige zuruf. Murɗawa ɗaya, injin ya yi tari biyu ya kama, motar duka ta hau rawa. Masu lodi suka sa ihu suna dukan bodi.

Kawu ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, ya zauna a gefen da ban taɓa ganinsa ba.

"Giya ta biyu tana da taurin kai," ya ce. "Lallaɓa ta. Mu je."