Mai Agogo da Man Masaƙa

A kamfanin haɗa man injuna, babu ma'aikacin da bai taɓa shan baƙar magana daga bakin Mai Agogo ba. Mutum ne mai wuyar sha'ani, gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa. Tun yana saurayi yake zaune a kusurwar ɗakin gwaji, gaban wata tsohuwar tukunyar ƙarfe mai ɗan rami a gindi. Zai zuba mai a ciki, ya ɗumama shi, ya zare matoshi, ya danna agogon da ke rataye a wuyansa, sannan ya zuba wa kwalbar da ke ƙasa ido har man ya kai layi. Yawan sakan ɗin da man ya ci, shi ne kaurinsa. In ya ce duro ya fita, ya fita. In ya ce a mayar, ko manaja bai isa ya ce uffan ba. Wannan ikon shi ne duk abin da ya tara a rayuwa, kuma yana kishinsa fiye da iyalinsa.

Da zamani ya juya, masu saye suka daina maganar sakan, suka koma neman kaurin mai da wani ma'auni wai shi santistok. Mai Agogo ya tsani kalmar, amma ya samo mata magani: ya ninka santistok da huɗu da ɗigo shida, sakan ya fito. Shekara da shekaru dabarar ba ta ba shi kunya ba, domin man giyar mota da na manyan motoci kaɗai kamfanin yake haɗawa, masu kauri kamar zuma.

Sai ga 'yarsa ta fari ta gama jami'a, kamfani ya ɗauke ta ya ba ta shugabancin ɗakin gwaji. Mutane suka zo yi masa murna, ya bi su da tsaki. A gida ita ce mai wanke masa kaya, a wurin aiki kuma ita ce a samansa, abin ya tsaya masa a rai. Ya daina kiran sunanta. "Injiniya," yake cewa, yana jan kalmar yadda kowa zai ji ba yabo ba ne.

Wata rana wata masaƙa ta aiko neman man injunanta, tsinkakken mai ne, santistok goma. Mai Agogo ya ninka a ka, ya ce a yi ta tsinka shi har ya sauko sakan arba'in da shida.

'Yar ta matso kusa, ta rage murya. "Baba, wannan lissafin na mai kauri ne. In mai ya tsinke ba ya bin sa. Goma tana wajen sakan hamsin da tara. Bari in gwada a sabuwar na'ura."

"Ke, tun ba a haife ki ba nake gadin tukunyar nan," ya ce da ƙarfi don masu lodi su ji. "Yau ni za ki koya wa ninkawa? Ki taɓa man nan ki gani!"

Idonta ya kawo ruwa. Ta fita ta ce wa direba kada ya ɗauki komai sai ta dawo daga ofishin manaja. Tana juya baya Mai Agogo ya sa aka ƙarasa tsinka man aka cika durori, ya leƙo ya daka tsawa a yi lodi. Direba ya duba ya ga wanda ya fi tsoro, ya tayar da mota.

Man ya yi ruwa da yawa. Ya riƙa tsiyayewa daga injunan masaƙa, suka ɗau zafi, aiki ya tsaya. Aka dawo da durorin aka jibge su a ƙofar ɗakin gwaji, manaja ya shigo a fusace yana tambayar wanda ya sake su.

Mai Agogo ya harɗe hannu ya kafe 'yarsa da ido. Ya tabbata za ta rufa masa asiri, kuma tun kafin ta yi, yana jin haushin alfarmar.

"Ni ce shugabar ɗakin nan, laifina ne da ban tsaya a kan motar ba," ta ce. "Amma daga yau, babu duron da zai sake fita da faɗar Baba."

Manaja ya gyaɗa kai ya fita. Ba a kore shi ba, ba a ma yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi ci masa rai.

Da suka koma gida ta same shi a tsakar gida. "Baba, ka yi haƙuri. In ka yarda in nuna maka yadda ake lissafin tsinkakken mai, ba shi da wuya."

"Ni na riƙe hannunki na kai ki makarantar da kika koyo cin mutuncina," ya ce. "Na gode, Injiniya." Ya ja kujerarsa ya ba ta baya.

Har yau shi ne farkon zuwa aiki. Yana ɗumama tukunyarsa, ya zare matoshi, ya danna agogo, man na kaiwa layi ya ɗaga murya ya faɗi sakan yadda duk ɗakin zai ji. Masu lodi na wuce shi da durorinsu, su tsaya a teburin 'yarsa suna jiran ta ɗago kai.