Takwaran Shugaban Ƙasa

Ƙanena ɗan acaɓa ne a Birnin Kudu, ni kuma koko da ƙosai nake sayarwa a bakin babban asibiti tun bai iya hawa keke ba. Ni na goya shi, don haka ba zan yi masa kara a nan ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ban sha wahalar koyon rubutu da furfura a kaina don in rufa wa wani asiri ba.

Shekarar da shugaban ƙasa ya nemi tazarce, ƙanena ya haukace. Hoton dattijon a tankin babur, hoto a ƙofar ɗaki. Fasinjan da ya kushe shugaban, a tsakiyar hanya yake sauke shi, ko da jinya ya zo. Kuma ba shi kaɗai ba. Ranar zaɓe layin mata a unguwarmu har bakin famfo ya kai, masu goyo da masu ciki, ana cewa a bar tsoho ya ƙarasa aikinsa, mai tsoron Allah ne, ba ya sata. Ni karon farko na dangwala masa, karo na biyu na hana shi. Ba hangen nesa ba ne, kuɗin man gyaɗa ne ya sauya mini ra'ayi.

Matar ƙanena 'yar Sara ce, can ƙasar Gwaram, yarinya mai sanyin hali wadda ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi. Tana da tsohon ciki a lokacin, kuma a daminar da ta wuce mahaifinta ya rasu. Abu ɗaya ta roƙa, in namiji ta haifa a yi wa babanta takwara, ta samu wanda za ta riƙa kira Abbana a cikin gida. A gabana ya ce mata, "Wannan ai ba sai kin roƙa ba."

Ta haihu ana cikin murnar sakamako. Namiji.

A wurinmu maza ne ke raɗa suna, da sassafe a ƙofar gida. Uban zai matsa kusa da liman ya faɗa masa a kunne, a shafa fatiha, a raba goro da dabino. Mu mata muna ciki, sai sanƙira ya leƙo zaure ya ɗaga murya kafin mu ji. Uwar da ta yi naƙuda ita ce ƙarshen ji. Sanƙira ya leƙo ya faɗi sunan shugaban ƙasa, har da kirarin da ake yi masa a kamfen. Mata suka ɗauki guɗa. Na waiwaya na ga mai jego ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririn hula, ta gyara, ta sake gyarawa.

Na tare shi a zaure. "Kai, ina alkawarin?"

"Yaya, wannan suna ne mai albarka. Ta sake haifo wani a sa na babanta."

Bayan wannan ta yi ɓari sau biyu.

Shekarun da suka biyo baya kowa ya san su, ba sai na tsaya lissafi ba. Masara ta gagari mai noma ta. Ƙosaina ya dinga ƙanƙancewa har wata mai jinya ta tambaye ni ko maganin asibiti ne. Mai ya yi tsada, ƙanena ya koma kashe babur a gangara. Hoton tanki ya ɓace, ya ce rana ce ta cinye shi.

Abin da ya ba ni mamaki, masu zaɓen ma suka ɓace. Ina zuba koko ina tambayar mutane, "Malam, kai ka ba shi karo na biyu?" Wannan ya ce ranar yana Kano. Wannan ya ce katinsa ya ɓata. Wata da na gani da idona ta shafa lalle don murna ta rantse mini zazzaɓi take yi. Na ce to aljanu ne suka cika layi ke nan. Wani tsoho daga Yalwan Damai ne kaɗai ya kalle ni ya ce ya ba shi, kuma da zai dawo zai sake ba shi, mutumin kirki ne, na kusa da shi ne ɓarayi. Ban yarda da shi ba, amma na ƙara masa ƙosai.

Ban ji wanda ya ce ya yi nadama ba. Haushin dai yana nan, kuma sai ya samu inda ya sauka. Shugaban yana Abuja, takwaransa kuwa yana unguwarmu da gajeren wando.

Da wasa aka fara. Uban zai ɗauke shi zuwa inuwar da 'yan acaɓa ke jiran fasinja, sai wani ya ja kunnensa. "Ranka ya daɗe, yaushe za a sauko da shinkafa?" A yi dariya. Wani ya ce, "Ku bar shi, ba ya ji, irin mai sunan ne." Mai kanti ya ce ba zai sayar masa da alewa ba sai ya buɗe boda. Yaro bai san boda ba, ya tsaya da kuɗinsa a hannu yana kallon manya suna ƙyalƙyala. Yara suka ɗauka daga bakin manya, su kuma ba su san wasa ba, da dutse suke haɗawa. Suka sa masa Yunwa. In ya fito, "Ga Yunwa nan, ku ɓoye tuwonku!"

Uban ma bai bar shi ba. Wata rana ina gidan ya dawo ko kuɗin cefane bai haɗa ba, yaron ya ruga ya rungume ƙafarsa. Ya ture shi har ya faɗa kan turmi. "Tashi ka ba ni wuri! Da kai da mai sunanka ba wanda ya tsinana mini komai."

Na ce, "Shi ya raɗa wa kansa?"

Ya shige ɗaki.

Uwar ta fara roƙon a sauya sunan. Abu ne da ake yi, a tara mutane, a raba goro, liman ya yi addu'a. Ya ƙi. "In tara jama'a in ce musu me? Na yi kuskure? Ni ban yi kuskure ba." A waje kuma na ji yana gaya wa abokansa wai ita ce ta nace, ka san mata da son abin yayi. Yarinyar da ko ƙuri'a ba ta jefa ba, ranar ƙafafunta sun kumbura.

Shugaban ya gama wa'adinsa ya koma gida, sunan bai bar yaron ba. Sai da ya isa shiga firamare, rana ɗaya ƙanena ya shigo da fara'a ya ce ya amince, ranar Juma'a za a sauya. Ta zo wurina har bakin asibiti tana dariya tana share hawaye. "Yaya, Allah ya karɓa." Na ba ta wake da mai. Ta aika Sara, yayanta ya zo da zabbi da ƙannen mahaifinta biyu, tsofaffi, a bayan motar hatsi. Ta soya waina. Ta zaunar da yaron tana koya masa, "In na ce Abbana, ka ce na'am."

Na tambayi ƙanena, "Sunan babanta ne dai ko?"

"Haba Yaya, sai ka ce ba ki san ni ba."

Na san shi, shi ya sa na tsaya a bakin zaure. Amma mace ba ta kai kunnenta inda liman yake. Aka shafa, sanƙira ya leƙo, ya faɗi sunan wani Alhaji mai neman kujerar majalisa, wanda ake ta raɗe-raɗin zai raba wa 'yan acaɓa sababbin babura.

Ba wadda ta yi guɗa. Tsofaffin Sara suka ajiye goronsu a kan tabarma, suka nemi takalmansu, ko wainar ba su taɓa ba. Ita tana tsugune gaban tanda, ta ci gaba da juya waina har ta ƙone, ba ta kwashe ba.

Na same shi a waje yana nuna wa yaran Alhajin yaron, ana ɗaukar su hoto a waya. Na ce, "Kai ko kunyar Allah ba ka ji?"

"Yaya, ba ki gane siyasa ba. Wancan nesa yake da mu. Wannan namu ne, ana ganinsa."

"In shi ma ya ci ya manta da ku fa?"

"Ba zai manta ba. Ga takwaransa."

Babur dai har yau bai zo ba. Matar tana da ciki yanzu, ya tsufa, kuma wannan ya zauna. Ta daina maganar babanta. Ta ce mini addu'arta kullum Allah ya ba ta mace, ko ta huta. Na ce amin. Ban gaya mata ba cewa Alhajin yana da uwa, kuma na ji ƙanena yana tambayar sunanta.