Tsaro da Tsoro

Mu biyu malaminmu ya ɗora wa binciken tsaron makarantu lokacin da muke digiri na biyu: ni da wani saurayi ɗan Maradun. Malamin ya ce aikin mutum ɗaya kaɗai zai kai gaban taron malaman jami'a. Ni da na tsufa da alli a hannu a Talata Mafara, sai na ɗauka magana ta ƙare, nawa ne.

Kowa ya tsara takardar tambayoyinsa. Tawa tsaf, sau uku na bi ta. Tasa kuwa a tashar Bakura na leƙa, muna jiran mota, sai dariya ta kuɓuce mini. Mai bugawa ya kwafsa masa tun a tambayar farko. Maimakon "Akwai tsaro a makarantarku?" an buga "Akwai tsoro a makarantarku?"

"Malam, mi ya faru?" in ji shi.

"Ba komi, ƙanena," na ce. Na gani, na ja bakina na tsuke. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Muka yi ta zaga makarantu, aji ɗaya nawa, ɗaya nasa. Yaran da suka samu tawa duk bakinsu ɗaya: akwai katanga, akwai maigadi. To me za su ce? An tambaye su tsaro, sun dubi ƙofa. Nasa kuwa, kai! Har bayan takarda suka cika. Wani ya rubuta yadda manyan ɗalibai ke tare su a bayan aji. Wata ta ce da ta ji ƙarar babura da yawa sai ta shige ƙarƙashin benci.

Malaminmu ya dinga yaba masa, wai ya shiga zukatan yara. Wace basira! Yatsan mai bugawa ne fa ya zame. Saurayin da kansa ya faɗi gaskiyar abin, malam ya ce ai duk da haka ya ci. Aikinsa aka ɗauka. Na yi masa barka da fatar baki.

Da ya roƙe ni in taya shi tace amsoshin, na karɓa da sauri, don in nemo masa aibi. A cikin na wata makarantar Mafara na ci karo da rubutun da ba zai ɓace mini ba, domin ni na riƙe hannun lokacin da yake koyo. 'Yata ce. Ta rubuta cewa ba ta shan ruwa da safe, don kada ta je banɗakin da ke can bakin katanga ita kaɗai. Ta ce a gida ba wanda ya sani.

Kullum ta dawo sai na ce, "Ya makaranta?" ta ce, "Lafiya lau, Baba." Shi da ko fuskarta bai sani ba, ta cika masa shafi biyu. Zancen taron na daɗe da haƙura da shi. Shafi biyun nan ne har yau na kasa yafe masa.