Hannun Doña Eulalia Bai Mutu Ba

Shekara ashirin ina gyara piyanon Doña Eulalia Barreiro a nan Montevideo, don haka kada wanda ya zo yana gaya min wai hannunta ya mutu. Ni na san abin da ya faru.

Sana'arta ita ce ta ɗauko kiɗan opera na zamani, irin wanda ake nanata 'yan sautuka sau hamsin kafin a gusa, ta mayar da shi na mutum biyu a kan piyano ɗaya. Da fensir take rubutawa, ƙoƙon shayin mate a gefenta. Ita ke zama dama, Don Nicanor Olivera yana hagu. Shi ba mijinta ba, ba ɗan'uwanta ba, amma shekara talatin kujerarsu ɗaya, kullum kuma cikin tsiya suke. Ta ce gwiwar hannunsa ta ishe ta, ya ce ita ke gaggawa kamar bas zai tafi ya bar ta.

Sai sanyin ƙashi ya kama yatsun Nicanor. Kiɗan nan kuwa ba ya ɗaga wa yatsu ƙafa, minti ashirin babu hutu. Ga shi mutumin in ka tausaya masa to ka zage shi. Ranar da ya gane ya kasa, ranar zai rufe piyano, kuma ba shi da kowa ba shi da komai sai kiɗan nan.

Ba ta ce masa uffan ba. Duk shekara sai ta ce takardun kiɗan sun tsufa, ta sake kwafa, ta zare sauti biyu ko uku daga nasa ta cusa cikin nata. Ni da nake ganin takardun a kan piyano na lura, na ja bakina.

Wata Lahadi da yamma, suna kiɗa a wani zaure a gaban mutane, sautukan da ta ɗora wa kanta suka yi mata yawa. Yatsunta suka sarƙe, ta tsaya cak, sai da suka koma daga farko. Da aka tashi, matar da ke kula da zauren ta ja Nicanor gefe ta ce ya nemi wata abokiyar kiɗa, tsohuwar nan ta gama. A kunnen Eulalia fa.

Wallahi raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan fasa ƙwai, Eulalia ta take min ƙafa.

"Gaskiya ta faɗa, Don Nicanor," in ji ta. "Tsufa ya cim mini."

Ya dube ta, tausayinta ya kama shi, abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Babu inda za ni, Doña," ya ce. "Ki rage naki ki ƙara min. Ai ni da sauran ƙarfina."

Ta ce to, ta gode. A makon ta zauna ta sake kwafa. Da na je gyara na duba sabbin takardun, na tarar ta ƙara zare masa sauti huɗu.